Takun Ciyaman

"Sake shi! Na ce ki sake shi!"

Rediyo ba ta sake shi ba. Ta rungumo ƙanenta ta baya, ta jawo shi, su biyun suka zube a kan kafet. Yaron ya ƙyalƙyale da dariya, shi a ganinsa wasa ake yi. Uwarsu kuwa tana durƙushe a tsakar falo, hannu a miƙe, makullan gida suna reto a yatsanta, ji ta yi kamar ta kurma ihu. Yanzun nan fa ya miƙe ya dafa kujera, ya saki hannu ɗaya, ya ɗaga ƙafa yana kallonta. Saura ƙiris. Sai ga wannan yarinya ta faɗo kamar an jefo ta.

Ba ta san lokacin da tafinta ya sauka a cinyar yarinyar ba.

"Wai ke wace irin yarinya ce? Kullum ya tashi sai kin kayar da shi! So kike ya ƙare a zaune?"

Rediyo ta dafe wurin, idanunta suka ciko, amma ba ta ce uffan ba. Wannan ma abin mamaki ne, don ba a banza aka raɗa mata Rediyo ba. Ba ta cika shekara biyar ba, amma tun da bakinta ya buɗe babu maganar da ta taɓa kwana a cikinta. Ita ta sanar da maƙwabta cewa Mama na da ciki tun kafin Maman ta gaya wa 'yan'uwanta. Ita ta taɓa gaya wa wata baƙuwa, a gaban kowa, cewa Mama ta ce turarenta yana sa ciwon kai. Amma a kan wannan mugun hali na ture ƙanenta, an yi lallashi, an yi faɗa, an tambaye ta dalili har an gaji, sai dai ta cije leɓe ta sunkuyar da kai.

Shi kuwa yaron, babansa ne ya sa masa Ciyaman, saboda tun da ya iya zama yake mulkin gidan da yatsa. Ya nuna kofi a kawo, ya nuna ƙofa a fita da shi. Da farko sunan dariya yake ba ta. Yanzu da ya kai shekara ɗaya da wata biyar bai taka ƙasa ko sau ɗaya ba, sunan ya fara yi mata ɗaci a baki.

Maman Rediyo tela ce a wani kamfanin ɗinkin kayan makaranta. Tana fita tun yara ba su gama shan shayi ba, ba ta dawowa sai rana ta yi sanyi. Da ta turo ƙofa Ciyaman zai rarrafo da gudu ya maƙale mata, daga nan kuma shi ke nan, ko banɗaki sai da dabara take shiga. In ta yi ƙoƙarin tsayar da shi sai ya naɗe ƙafafu sama ya bar ta riƙe da shi yana lilo. Mijinta, mai gyaran wutar lantarki, ya ƙirƙiro wata al'ada a 'yan kwanakin nan. Kullum da yamma sai ya ce, "Ajiye shi can, ki dawo nan ki kira shi." Kullum kuma abin da kuka yake ƙarewa, ko kuma Rediyo ta kifar da shi. Da ta ce a je asibiti, cewa ya yi, "Wane asibiti kuma? Ki ba shi kwana biyu." Sannan ya dubi mahaifiyarsa, suka yi wani murmushi. Murmushin nan ya fi komai ƙona mata rai. Ɗa ba ya tafiya, su murmushi suke yi.

Shi ya sa yau ta nemi hutu ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ta bari sai da mijin ya saɓa jakar kayan aikinsa ya fita.

Tana cikin saka wa Ciyaman takalmi, yana fizge ƙafa, surukarta ta yi sallama. Ɗakinta yana jikin nasu, ita ce ke zama da yaran da rana.

"A'a, yau ba aiki?"

"Ina kwana, Inna. Na ɗauki hutu ne. Awon Ciyaman za mu je."

Kaka ta karɓi yaron ta ɗaga shi sama. "Angona! Yau da sassafe za a raba ni da kai? Ko sallama babu?" Ta dubi surukar tata ta gefen ido. "Awo kawai?"

"Awo kawai."

"To madalla. Ni ma bari in samu in kai tabarauna a gyara. Ke Rediyo, zo mu tafi tare, ki bar uwarki ta ji da ɗaya."

Rediyo ta damƙi igiyar jakar uwarta da hannu biyu. "Ni Ciyaman zan bi."

"Ba inda za ki bi ni," in ji uwar. "Ki je can ma ki kayar min da shi a gaban mutane?"

Nan fa yarinya ta ɓarke da kuka, irin kukan da har maƙwabta sai sun leƙo. Aka yi, aka yi, ta ƙi sakin jaka. Maman Rediyo ta dubi agogo, ta ja tsaki, ta goya ɗaya, ta ja ɗaya, suka fita.

Bas ɗin cike yake. Ta samu rabin kujera a kusa da wata mata mai ɗauke da jaririya, ta sauko da Ciyaman ta ɗora a cinya, Rediyo ta tsaya a tsakanin ƙafafunta. Ba su yi nisa ba matar ta fara.

"Tubarkalla, wannan ƙaton ai ya isa ya ba ki wuri ya tsaya da ƙafarsa. Watansa nawa?"

Ta faɗa mata, a taƙaice.

"Ai lallai yana gudu ke nan. Nawa na fari wata tara ya tashi. Wata tara cif! Wannan ma ga ta nan ta fara dafa bango."

"Bai fara ba tukuna."

Matar ta leƙa ƙafafun yaron, ta ce, "Ayya." Wani dattijo a baya ya ce a riƙa shafa masa mai a gwiwa da safe. Wata ta ce laifin goyo ne, iyayen yanzu ba sa barin yaro ya sha ƙasa. Wata kuma ta ce a'a, iyayen yanzu ai ba sa zama a gida ma balle su goya. Kafin a kai mahaɗar hanya, rabin bas ɗin sun zama likitocin ƙafa. Shi kuwa mara lafiyar yana ta ƙoƙarin cire wa matar ɗan kunne.

Maganar rashin zama a gida ce ta soke ta. Ta juya tana kallon taga. Lokacin Rediyo, tana wurin aiki yarinyar ta fara tafiya. A bakin get wata maƙwabciya ta tare ta da albishir, har da gwada mata yadda aka yi takun. Ranar ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa, ta rantse a gaban mijinta da surukarta cewa na gaba da idonta za ta gani, duk wanda ya riga ta ya zo yana ba ta labari, ita da shi har abada. Ga na gaban ya zo. Babu wanda ya riga ta, don babu abin gani.

Wayarta ta yi ƙara. Madam ce, shugabar sashensu.

"Kin san dai wandunan nan gobe za a zo ɗauka? Kekenki na nan a rufe, kowa na tambaya."

"Na gaya miki asibiti zan kai yaro, Madam."

"Me ya same shi? Zazzaɓi?"

Ta rage murya saboda wannan taro mai kunnuwa. "Ƙafa ce."

"To Allah ya sawwaƙe. In kun gama da wuri ki leƙo."

A asibiti layi uku ta bi kafin ta ga fuskar likita. Na farko na ciro kati, inda ma'aikacin ya ce katin yaron ba ya inda ya kamata ya kasance, ya tafi nema, ya dawo yana tauna wani abu. Na biyu na awo, inda Ciyaman ya ƙi zama a kan sikeli, ya kama mayafinta ya ja har ɗankwalinta ya zame. Na uku shi ne dogon benci a zauren jira na sashen yara, inda fanka ɗaya ce ke juyawa, ita ma da ƙyar. Rediyo ta ce fitsari. Aka je aka dawo, an tsallake su. Rediyo ta ce ƙishirwa. Ciyaman ya zubar da ruwan a kan siket ɗin uwarsa, ya tafa hannu.

Abin da ya fi damun ta shi ne yaran da ke zauren. Duk inda ta duba, yaro ne ke tafiya. Wasu ko kafaɗar ɗanta ba su kai ba, ga mura, ga tari, amma suna ta sintiri tsakanin benci da benci, iyayensu na daka musu tsawa su zo su zauna. Ta ji haushin iyayen. Wai su zauna! Ta zame Ciyaman daga cinyarta a hankali ta dire ƙafafunsa a ƙasa ko zai yi sha'awa. Kafin ya gama miƙe gwiwa Rediyo ta taso.

"Wallahi kika taɓa shi sai na ɓata miki rai a nan wurin," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Rediyo ta tsaya cak, tana kallon ƙanenta, tana kallon uwarta. Ciyaman ya hutar da kowa, ya naɗe ƙafa ya zauna daɓas, ya ɗaga hannu a ɗauke shi.

Rana ta take sosai kafin a kira su. Likitar matashiya ce, ga alamar gajiya a idonta, amma ta saurara.

"Yana rarrafe?"

"Kamar mota."

"Yana miƙewa ya dafa abu?"

"Yana yi. Daga nan ne ba ya wucewa."

"Da rana wa ke zama da shi?"

"Kakarsa."

"Ita me ta ce?"

"Cewa take in bar shi, lokaci ne." Ta matso kusa. "Likita, kowa cewa yake in bar shi. Ni na haife shi, ni na san akwai abin da ba daidai ba. In wani abu ne a ƙashinsa gara a gani tun yanzu, kada a zo ana cewa da an kawo shi da wuri."

Likitar ta kwantar da shi a kan gado, ta lanƙwasa gwiwoyinsa, ta buɗa cinyoyin, ta danna ƙugu, ta shafa tafin ƙafarsa har ya yi dariya. Ya sakar mata wani harbi a hannu.

"Kai! Wannan ƙafar ai ta fi tawa ƙarfi. Ni dai ban ga komai ba. Bari mu tsayar da shi."

Ta riƙe shi ta hammata ta sauke shi ƙasa. Ciyaman ya ga uwarsa a zaune ga ta ga shi, cinya ba kowa, ya naɗe ƙafafu ya ƙwala ƙara har sai da nas ta leƙo. A can gefe Rediyo ta sauke ajiyar zuciya.

"Wasu yaran sukan yi jinkiri," in ji likitar tana miƙa mata shi. "Amma tunda hankalinki bai kwanta ba, a yi masa hoton ƙugu mu gani."

Tunda hankalinki bai kwanta ba. Ta fito tana juya maganar, kamar ita ce aka kawo asibitin.

Sai an yi rajista a wata taga kafin a shiga ɗakin hoto, kuma tun daga nesa ta hango cunkoson da ke wurin, maza da mata ana ture-ture. Ba wurin shiga da yara biyu ba ne. Ta koma zauren jira. Wata dattijuwa da suka zauna benci ɗaya tun safe tana nan tana jiran a fito da jikarta.

"Don Allah Baba, ki ɗan duba min su, yanzu zan dawo."

"Je ki, 'yar nan, je ki. Kawo maigidan."

Ta zaunar da shi a gefen dattijuwar, ta nuna Rediyo da yatsa. "Ke kuma, ko hannunsa kika taɓa, za ki gani." Tana juya baya Ciyaman ya fasa kuka. Ta toshe kunnenta ta fita ta ƙofar gaba.

Ta kutsa, an taka ta, ta taka wani, ta isa bakin tagar da gumi har cikin ido. Ma'aikaciyar ba ta ko ɗago ba. Wai na'ura ta tsaya, a dawo bayan hutun rana. Maman Rediyo ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga in ta fara ba za ta iya tsayawa ba, ta rufe. Da ta juyo kuma, mai goge-goge ta tare hanyar da ta biyo da bokiti da kujeru, ta nuna mata wani lungu da hannu. Ta bi lungun tana tsaki, ya zagaya da ita ta bayan ɗakin allura, ya fito da ita ta ƙofar baya ta zauren jira.

A bakin ƙofar ta tsaya.

Wani yaro ne ke ratsa tsakiyar zauren, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya babu. Yana tafe yana shessheƙa, ciki a gaba, hannuwa a buɗe, ya nufi ƙofar gaba. Sai da ta ga rigar, rigar da ita ta ɗinka da ragowar yadi, sannan ƙwaƙwalwarta ta yarda da idonta. Ya kauce wa ƙafar wani mutum. Ya ga murfin kwalba a ƙasa, ya sunkuya ya ɗauka, ya miƙe bai dafa komai ba, ya ci gaba. Wannan ba takun mai koyo ba ne. Wanda ya yi wannan sunkuyon ya kwana biyu yana yi.

Rediyo kuwa tana can bakin ƙofar gaba, ta leƙa kai waje tana gadin hanyar da uwarta ta bi.

Maman Rediyo ta dafa bango.

"Yauwa, ga maman nan ta ɓullo ta nan," in ji dattijuwar da ƙarfi. "'Yar nan, wannan ne kika ce ba ya tafiya? Ai kina ba da baya ya dire ya bi ki. Ni da ƙafafun nan nawa ina zan kamo shi?"

Rediyo ta waiwayo. Ta ga uwarta, ta ga ƙanenta a tsaye, ta zaro ido. Da gudu ta zo ta rungume shi ta baya suka zube a kan siminti. Ta kwanta a kansa tana kare shi da jikinta, tana kuka.

"Ba ki gani ba! Mama, ba ki gani ba ko? Ki ce ba ki gani ba!"

Mutane suka zuba musu ido. Uwar ta ƙaraso ta ɗaga su duka biyun, ta ja su can ƙarshen benci inda ba kowa. Ciyaman ya haye cinya ya lafe, ya cusa murfin kwalbar a baki, ta zare shi ba tare da ta duba ba.

"Share hawayenki. Gaya min. Me ya sa ba za ni gani ba?"

Rediyo ta girgiza kai.

"Ba zan dake ki ba. Na rantse."

"Baba ya ce sirri ne." Da ta fara, sai tashar ta kama gaba ɗaya. "Ya ce kada Mama ta sani. Ya ce in na faɗa za ki yi kuka, kuma ba za ki ƙara yi mana magana ba har abada. Ya sa na riƙe kunnena. Kaka ma ta ce in na faɗa bakina zai koma ƙeya. Ni ban faɗa ba, Mama. Ko Anti mai kanti da ta ba ni alewa ban gaya mata ba. Shi ne Ciyaman ba ya jin magana, kullum sai ya tashi a gabanki, ni kuma sai in zaunar da shi."

Uwar ta rufe ido. Ta gane. Uban ya ce kada a ba ta labari don ta gani da idonta, 'yar kuma ta ɗauka ganin ne ma ba a so. Shi yana jera su kullum da yamma don yaro ya taka a gabanta, ita tana tsaye tana gadi kada ya taka. Babu wanda ya zaunar da yarinyar ya tambaye ta yadda ta fahimta. Ita kuma da ta haife ta, kishi ta kira abin, ta bi ta da duka.

Wani irin haushi ya taso mata. Kwana da kwanaki tana juyi a kan gado, tana matsa ƙafafun yaro yana barci, tana lalata ɗinki a wurin aiki, su kuwa suna musayar murmushi. Ta ɓata yini guda, ta sha maganar Madam, ta sha ayya a bas, saura kaɗan a haska wa lafiyayyen yaro ƙugu. Duk a kan me? A kan rantsuwar da ita da bakinta ta yi. Nan ne haushin ya rasa inda zai sauka.

"Tun yaushe yake yi?"

"Tun ranar da kika makara, kika fita ba ki sha shayi ba." Rediyo ta ja hanci. "Kin ɗauki jaka kina sauri, shi ne ya saki kujera ya bi ki. Har bakin ƙofa ya je. Baba ya toshe nasa bakin, Kaka ta toshe nawa. Suna jira ki juyo."

"Sai me?"

"Ba ki juyo ba. Kin rufe ƙofa."

Ta tuna ranar. Ta tuna ta ji ɗakin ya yi tsit a bayanta, har ta ce a ranta yau an samu lafiya, ba kuka. Ta tuna tana ta addu'a kada bas ya wuce ta.

Ta jawo Rediyo jikinta, ta ɗage gefen rigarta ta duba cinyar. Babu shaida, amma ta shafa wurin.

"Da zafi?"

"Ɗazu ne. Yanzu ya daina." Yarinyar ta ɗago ido. "Mama, za ki daina yi mana magana?"

Kafin ta amsa waya ta yi ƙara. Baban Rediyo ne. Ta ɗaga, maganganu sun cika mata baki, ta ma san da wadda za ta fara. Rediyo ta kama hannunta da hannu biyu, tana girgiza kai, hawaye na sake taruwa.

"Inna ta ce kun tafi awo," in ji shi. Tana jin ƙarar guduma a bayansa. "Ba ki ko gaya min ba. Yaya Ciyaman, ya ƙaru?"

Ta dubi yarinyar.

"Ya ƙaru."

"Madalla. Yau da yamma za mu sake gwada shi. Ina ji a jikina yau ne."

"Allah ya sa," ta ce, ta kashe wayar.

Ta ninke takardar hoton ta cusa a can ƙasan jaka. Dattijuwar ta miƙo mata takalmin da ya faɗi, ta yi godiya. A hanyar fita ta saya wa Rediyo biskit, babban ƙunshi, ta ce ba sai ta raba da kowa ba.

"Saurara," ta ce mata a cikin bas. "Ni ban ga komai ba. Kin ji? Amma yau in ya tashi, kada ki taɓa shi. Baba so yake in gani da kaina, faɗa ne ba ya so a yi."

Rediyo ta yi tunani tana tauna. "To ai kin gani."

"Wannan kuma sirrinmu ne, ni da ke."

"Sirri biyu ke nan," in ji Rediyo, da muryar wadda aka ɗora wa kaya.

Rana ta kusa faɗuwa mijin ya shigo, ko hannu bai wanke ba ya fara ture teburin tsakar falo. Kaka ta zo da gyararren tabarau ta zauna a kujerarta. Aka tsayar da Ciyaman a jikin doguwar kujera. Rediyo ta hau kujera ta zauna a kan hannuwanta biyu, kumatu a kumbure, kamar wadda ta guntsi ruwa.

"Yauwa, Maman Rediyo, durƙusa can ki kira shi."

Ta dube shi. Mutum ne da bai iya ɓoye komai ba, duk fuskarsa ta tona shi, ita ce dai tsoro ya rufe wa ido. Har yanzu tana jin haushinsa, kuma ta san akwai ranar da zai ji bayani. Ta durƙusa, ta miƙa hannu.

"Zo, Ciyaman. Zo wurin Mama."

Ciyaman ya dube ta, ya washe haƙoransa. Ya saki kujera. Kaka ta gyara tabarau, uban ya riƙe numfashi. Yaron ya tsaya shi kaɗai, ya yi lilo kaɗan, sannan ya zauna daɓas ya ɗaga hannuwa biyu a zo a ɗauke shi.

"Kai, wannan yaro!" Uban ya dafe kai. "Wallahi ba haka..." Ya haɗiye sauran.

"Angona ya ba ni kunya," in ji Kaka.

Rediyo ta zaro hannu ɗaya ta nuna. "Ni ban taɓa shi ba! Kowa ya gani!"

Maman Rediyo ba ta ɗauke shi ba. Ta miƙe, ta wuce shi, ta ɗauki jakarta ta aiki a kan ƙusa ta rataya. Ta zura takalmanta.

"Ina kuma za ki da yamman nan?" in ji mijin.

Ta nufi ƙofa, a hankali, ba irin tafiyarta ta safe ba. Ta kama mariƙin ƙofar. Ɗakin ya yi tsit a bayanta, irin tsit ɗin ranar nan. Sai ta ji ƙaramin tafin ƙafa a kan siminti, ɗaya, sannan wani, yana matsowa.

Ta saki ƙofar, ta juyo.